Ƙurajen ƙyanda sun bushe, yaro ya warke ke nan?

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara biyu ya yi ƙyanda. Yau kwana shida da fitowar ƙurajen, sun fara bushewa, fatar tana saɓa. Amma har yanzu yana tari, ba ya son abinci, idonsa kuma kullum a rufe. Uwar mijina ta ce kada in damu, baƙon dauro ne, kowane yaro sai ya yi, tunda ya fito gaba ɗaya an tsallake. Ga kuma ƙanwarsa 'yar wata bakwai muna ɗaki ɗaya. Shin cutar tana da haɗari har haka, ko in bari ya ƙarasa warkewa a gida?

Amsa: Malama, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya. Ki kai shi asibiti yau, kada ki bari sai gobe. Tarin da bai tsaya ba, da ƙin abinci, da idon da ba ya buɗuwa, kowane ɗaya daga cikinsu ya isa dalilin ganin ma'aikacin lafiya, balle sun haɗu su uku. Lokacin da ƙuraje suka fara bushewa hankalin gida yakan kwanta, mu kuwa a asibiti lokacin ne muka fi sa wa yaro ido, domin yawancin yaran da ƙyanda ke kashewa ko nakasawa a wannan tsakanin ne da makonnin da ke biye abin yake samunsu.

Maganar Hajiya, uwar mijinki, ba daga sama ta ɗauko ta ba. A zamanin da suka yi goyo, da wuya yaro ya kai shekara 15 bai yi ƙyanda ba, don haka a idonsu mataki ne da kowa ke takawa. Sai dai idan kika zauna da tsofaffin unguwa kika tambaye su yara nawa aka binne a shekarun da baƙon dauro ya shigo gari, za ki ji lissafin da zai tayar miki da hankali. Kafin a samu allurar rigakafinta a 1963 kuma ta yaɗu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙyanda tana kashe mutum miliyan 2.6 duk shekara. Ko a 2023, da allurar take ko'ina, ƙiyasin hukumar ya nuna ta kashe mutum 107,500, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. A nan kusa da mu ma an bi gida-gida an ƙirga bayan annobar 2004 da 2005, a unguwar Bukoki ta Yamai, da unguwar Mursal ta Injamena, da yankin Dong a jihar Adamawa. Cikin yara 'yan ƙasa da shekara biyar da suka kamu, kusan 5 cikin 100 ne suka rasu a Yamai, 4 cikin 100 a Injamena, a Dong kuwa kusan 11 cikin 100. A ƙasashe masu wadata ana rasa 1 zuwa 3 ne cikin 1,000. Cutar ɗaya ce, bambancin yana wajen ƙoshin yaro kafin ta same shi da kuma saurin kai shi asibiti.

Abin da ya sa ƙuraje ke ruɗin mutane shi ne su kaɗai ake gani. Ƙwayar cutar ta hanci da maƙogwaro take shiga, ta fara da kama ƙwayoyin jinin da ke tsaron jiki, su kuma su kai ta ko'ina: huhu, hanji, ido, baki, kunne, wani lokaci har ƙwaƙwalwa. Tana ɗaukar kwana 10 zuwa 14 tana wannan aiki kafin a ga komai. Sannan zazzaɓi mai zafi ya zo da tari da mura da jan ido, bayan kwana uku ko huɗu ƙuraje su ɓullo daga bayan kunne da goshi su gangara zuwa ƙafa. Saɓar da kike gani a fatarsa, irinta tana faruwa a cikin hanjinsa da hanyar numfashinsa, kuma na cikin ya fi na wajen jinkirin warkewa. Tsoron da tsofaffi ke yi kada ƙyanda ta koma ciki yana da ɗan tushe, domin yaron da tamowa ta ci ƙarfinsa yakan yi cutar mai tsanani ba tare da ƙuraje sun fito sosai ba. Amma fitowarsu gaba ɗaya ba shaidar tsira ba ce. Hasali ma idan suka yi baƙi ƙirin, fata ta riƙa saɓa da yawa, mukan ɗauka cutar ta yi wa yaron kamu mai ƙarfi.

Ki fara da ƙirjinsa, don ciwon huhu, wato namoniya, shi ne ya fi kashe yara masu ƙyanda. Wajen yaro ɗaya cikin 20 yakan same shi ko a inda ake da asibitoci masu kyau, a wajenmu kuwa ya fi haka. Wani lokaci ƙwayar ƙyandar ce da kanta take cin huhun, wani lokaci wasu ƙwayoyin cuta ne suke samun hanya bayan ta raunana shi. Ga abin da za ki yi yanzu kafin ki fita: ki bari ya natsu, ba yana kuka ba, ki ɗaga rigarsa, ki ɗauki waya ki ƙirga sau nawa ƙirjinsa ke ɗagawa cikin minti ɗaya cikakke. Ga yaro mai shekara ɗaya zuwa biyar, 40 ko fiye ya yi sauri. Ga jariri daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 50 ko fiye. Sannan ki kalli ƙasan haƙarƙarinsa. Idan wurin yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, ko hancinsa yana buɗewa yana rufewa, ko yana nishi a ƙarshen kowane numfashi, wannan ba na jiran gari ya waye ba ne. Haka idan muryarsa ta dishe, tarin ya koma mai amo, ana jin ƙara lokacin da yake jan iska, maƙogwaro ne ya kumbura kuma yana iya toshewa cikin dare ɗaya. Akwai wata alama mai sauƙi da nake so kowace uwa ta riƙe: zazzaɓin ƙyanda yakan sauka kwana uku zuwa huɗu bayan fitowar ƙuraje. In ya wuce haka bai sauka ba, ko ya sauka ya dawo, akwai wani ciwon da ya hau kai.

Na biyu ciki ne. Hanjin da ya saɓe ba ya riƙe ruwa, ba ya tsotse abinci, sai gudawa, wani lokaci har da atuni. Ga baki ya yi gyambo, yaro yana jin yunwa amma haɗiya azaba ce. Cikin mako biyu yaron da yake da kumarinsa sai ya zube, damtse ya sirance, wani ƙafa ta kumbura. Da yawa daga cikin yaran da ake kwantarwa saboda tamowa a ƙarshen rani, idan ka bi tarihinsu za ka tarar ƙyanda suka yi wata ɗaya ko biyu baya. A nan ne al'adar hana mai ƙyanda ƙwai da nama da mai take yi mana illa sosai, don an hana shi abin da zai gina jikinsa daidai lokacin da ya fi bukata. Ki ba shi kaɗan-kaɗan, sau da yawa: kunun gyaɗa, koko da madara, dafaffen ƙwai da aka murje, faten wake da manja, miyar zogale ko alayyafo, gwanda, mangwaro. In yana gudawa, ruwan gishiri da sukari na leda bayan kowane bahaya, da ƙwayar zinki da za a ba ki a asibiti. Idon da ya faɗa, da fitsarin da ya ragu, da yaron da ya yi laƙwas ba ya iya sha, alamun ruwan jiki ya ƙare ne, sai an yi masa ƙarin ruwa.

Ki riƙa buɗe bakinsa kina dubawa kullum, kina goge shi da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri. Dalilina shi ne cutar noma, wadda ke farawa da gyambo a dasashi da warin baki, kumatu ya kumbura, cikin 'yan kwanaki nama ya mutu ya huda fuska. Yara masu tamowa da suka tashi daga ƙyanda suna cikin waɗanda ta fi kamawa, kuma akwai asibiti guda a Sakkwato da aka keɓe domin ita tun 1999. A matakin gyambo da kumburi magani yana tsayar da ita. In ta huda, sai tiyata bayan tiyata.

Yanzu idon, wanda shi ne ya fi damuna a cikin wasiƙarki. Jan ido da gudun haske a kwanakin farko abu ne da kusan kowane mai ƙyanda ke yi. Amma ido a rufe har kwana shida bayan ƙuraje, dole wani ya buɗe shi ya gani. Ƙyanda tana ƙone bitamin A da ke ajiye a jiki, yaranmu da yawa kuma dama ajiyar tasu ba ta taka kara ta karya ba. Idan ya ƙare, fatar nan mai garai-garai da ke gaban baƙin ido sai ta bushe, ta dushe, ta yi gyambo, tana iya narkewa cikin kwana ɗaya ko biyu har ido ya fashe. Duk wannan yana faruwa ne a bayan fatar ido rufaffiya, uwa tana zaton barci yake ko hasken ne ba ya so. A ɗakin duba yara mukan sa uwa ta kwantar da shi a cinyarta, kansa a gwiwar mai dubawa, a ɗaga fatar idon a hankali ba tare da an danna ba, a haska tocila. Idon lafiya yana sheƙi, za ka ga hasken tocilar a cikinsa tar. Wanda ya fara lalacewa ba ya mayar da hasken, ya yi hazo-hazo, wani lokaci da ɗan farin tabo a tsakiya. Idan aka same shi a wannan mataki ana ceto shi. Idan aka makara, abin da ke saura hakiya ce, kuma da yawa daga cikin makafin da suka rasa ganinsu tun suna yara a ƙasar nan ta wannan hanya suka rasa shi.

Maganin kuwa ɗan ƙwanso ne da ake yanke bakinsa a matse a bakin yaro. Duk yaron da ya yi ƙyanda, ko idonsa lafiya lau, ana ba shi bitamin A sau biyu, yau da gobe. Mai shekara ɗaya zuwa sama jan ƙwanso ake ba shi, ɗan wata shida zuwa 11 shuɗi, wanda ƙarfinsa rabin na jan ne. In ido ya riga ya taɓu ana ƙara na uku bayan wasu makonni. Amfaninsa bai tsaya a ido ba, domin gwaje-gwajen da aka yi a asibitocin Afirka sun nuna yana rage mutuwar yara masu ƙyanda da kusan rabi. In ba a ba ɗanki ba, ki tambaya da bakinki. Ina roƙonki kuma, don Allah, kada a sa masa komai a ido a gida: ba kwalli, ba ruwan ganye, ba ruwan sukari, ba nono. Kada kuma a sayo maganin ɗigawa a kemis ba tare da an duba shi ba, don wasunsu suna ɗauke da sinadarin da ke kwantar da ja nan take amma yana hanzarta hujewar ido mai gyambo. Ruwa mai tsabta da auduga a goge kwantsa daga waje ya isa har ku isa asibiti.

Kunne kuma, wajen yaro ɗaya cikin 10 yakan samu ciwonsa. Za ki ga yana jan kunnen yana kuka, daga baya ruwa ko mugunya ta fara fita. In aka bar shi ya daɗe yana zuba, ji yana raguwa, yaro mai shekara biyu da bai ji sosai kuwa magana ma takan yi masa nauyi. A tsane ruwan da tsumma mai tsabta, kada a ɗura mai, a karɓi magani.

Ƙwaƙwalwa ba a cika samun matsalarta ba, amma in ta zo babba ce. Kusan ɗaya cikin 1,000 yakan samu kumburin ƙwaƙwalwa, galibi cikin mako biyu da fitowar ƙuraje: zazzaɓi ya dawo, barci ya yi yawa har a kasa tashinsa, ko jijjiga, ko ya daina gane mutane. Wasu suna rasuwa, cikin waɗanda suka tashi kuma akwai masu saura da farfaɗiya, ko kurumta, ko raunin fahimta. Akwai kuma wani nau'in da likitoci ke kira SSPE, wanda ƙwayar cutar take lafewa a ƙwaƙwalwa shekara bakwai zuwa goma. Yaro ya girma, ya shiga makaranta, sai a ga ya fara mantuwa, karatu ya koma baya, hali ya canza, jiki yana fizga yana faɗuwa. A gida akan ce iska ce, a yi ta yawon neman magani, ba wanda zai tuna ƙyandar da ya yi yana goye. Ba shi da magani, kuma ƙarshensa rasuwa ne. Ba na so wannan ya hana ki barci, domin ƙalilan ne ƙwarai yake samu. Na kawo shi ne saboda ya fi samun waɗanda suka kamu suna jarirai, ga ki kuma da 'yar wata bakwai a ɗaki.

Saura abu ɗaya da ko ma'aikatan lafiya ba su daɗe da fahimtarsa sosai ba, ko da yake iyaye mata sun daɗe suna cewa tun da yaro ya yi baƙon dauro bai sake lafiya ba. Jikin mutum yana riƙe da tarihin duk cutar da ya taɓa haɗuwa da ita, kamar tsohon maigadin da ya san fuskar kowane ɓarawon unguwa. Ƙyanda waɗannan masu gadin take kashewa. A wani bincike da aka buga a 2019, an auna jinin yaran da ba a yi wa rigakafi ba a ƙasar Holan kafin su kamu da bayan sun warke, aka tarar sun rasa daga kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na kariyar da suke da ita daga wasu cututtuka. Jiki yana iya ɗaukar shekara biyu zuwa uku yana sake ginawa. Shi ya sa bayan ƙyanda za ki ga yau gudawa, gobe tari, jibi maruru, shi ya sa kuma tarin fuka da ke kwance yakan tashi. Ma'anarsa gare ki ita ce, a watannin nan masu zuwa duk zazzaɓin da ya yi ki ɗauke shi da muhimmanci, ya kwana cikin gidan sauro, tarin da ya wuce mako biyu kuma a gwada shi.

Za ki ji ana cewa mai ƙyanda ba a yi masa allura, ba a yi masa wanka, ba a fitar da shi. Babu ɗaya daga cikinsu da yake gaskiya, kuma na farkon ya jawo asarar rayuka da yawa, don shi ke sa a ɓoye yaro a ɗaki har sai numfashi ya gagara. Gaskiya ne babu maganin da ke kashe ƙwayar ƙyanda kanta. Amma abubuwan da ke kashe yaron, namoniya da ƙarewar ruwa da tamowa, duk suna da magani: allura ko maganin sha na kashe ƙwayoyin cuta, iskar oksijin, ƙarin ruwa, abincin tamowa. Wanka da ruwan ɗumi yana hana fatar da ke saɓa yin gyambo. A buɗe taga iska ta shiga, a daina turara hayaƙi a ɗakin mai tari. Don zazzaɓi a ba shi farasitamol daidai nauyinsa, kada a ba shi asfirin.

Batun ƙanwarsa. Ƙyanda tana cikin cututtukan da suka fi kowace saurin yaɗuwa. Cikin mutum 10 marasa kariya da suka zauna da mai ita, 9 za su kamu, ƙwayar kuma tana iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita. Yana yaɗa ta tun kwana huɗu kafin ƙuraje su fito har kwana huɗu bayan fitowarsu, wato jaririyar ta riga ta shaƙa tun kafin ku san abin da ke damun yayanta. Kariyar da ta samo daga jikinki tun tana ciki takan ragu sosai kafin wata bakwai. Da an kawo ta cikin kwana uku da haɗuwarta da cutar, ana iya yi mata allurar ko ba ta kai wata tara ba, amma wannan lokacin ya wuce. Duk da haka ki tafi da ita yau a duba ta, ki faɗa wa ma'aikata tun daga ƙofa cewa akwai ƙyanda a gidan don kada a zaunar da ku cikin layin jarirai da masu ciki. Ki ci gaba da ba ta nono sosai. Ki sa mata ido har mako uku, da zarar kin ga zazzaɓi da jan ido ki koma da ita ba tare da jiran ƙuraje ba, domin 'yan ƙasa da shekara ɗaya su ne cutar ta fi yi wa tsanani. In Allah ya sa ta tsallake, allurarta ta farko tana wata tara, ta biyu tana wata 15, kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ta biyun ba ƙari ba ce kawai: cikin yara 100 da aka yi wa a wata tara, wajen 15 allurar ba ta kama su, ta biyun ce take cike wannan giɓin.

In akwai mai ciki a gidan ko maƙwabta wadda ba ta taɓa yin ƙyanda ko allurarta ba, ta nisanci ɗakin ta kuma je awo ta faɗa, don cutar tana jawo ɓari da haihuwa kafin lokaci, ita kanta uwar tana iya samun namoniya mai tsanani, kuma ba a yi wa mai ciki wannan allurar. Yaran gidan da na maƙwabta a duba katinsu, duk wanda bai cika biyu ba a kai shi. Asibitin da kuka je za su sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, wannan aikinsu ne, kuma ta haka ne ake kawo allura unguwa kafin cutar ta gama zagaye ta, musamman a watannin rani da ta fi tashi.

Shawarata game da Hajiya ita ce kada ki yi jayayya da ita. Ki sa maigidan ya yi mata bayani, in da hali ma ku tafi tare da ita, ta ga yadda ake buɗe idon jikanta, ta ji daga bakin ma'aikacin lafiya. Kaka da ta gamsu ita ce za ta tsaya a kan a ba shi ƙwai da maganinsa a kan lokaci. Idan an sallame ku, ki tambayi ranar da za ku koma a sake duba ƙirji da ido, a auna nauyinsa da damtsensa, ki kuma ƙara masa cin abinci sau ɗaya a kan wanda ya saba kullum har sai nauyinsa ya koma yadda yake kafin ciwon.